Babbar Kasuwar Yamai: Gobara, Sabon Gini da Haƙƙin Mai Rumfa

 

Mai girma shugaban wannan zama, masu shirya taro da suka yi mini karamcin gayyata, malamaina da nake hange a sahun gaba, dattawan kasuwa da wakilan ƙungiyoyin 'yan kasuwa, iyayenmu mata da suka rufe teburan kayan miya tun da sauran rana don su zo nan, ɗalibai, 'yan jarida da sauran jama'a, barkanku da yamma, barkanku da zuwa. Na san abin da rufe rumfa na rabin yini yake ci wa ɗan kasuwa, don haka zan yi ƙoƙari kada zuwanku ya zama asara.

An ce in yi magana a kan tarihin Babbar Kasuwar Yamai, wadda 'yan'uwanmu Zabarmawa ke kira Habu Bene, da yadda aka sake gina ta, da abin da ya kamata mu yi tunani a kai yanzu da ake ta zancen kasuwannin zamani, irin manyan cibiyoyin ciniki masu gilashi da na'urar sanyi da fatakenmu ke gani a Abijan da Dakar da Legas da Dubai. Zan bi maganar daki-daki, cikin batutuwa shida. Amma bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, don kowa ya riƙe shi yana auna ni da shi. Duk aikin sabunta kasuwa, ma'auninsa ɗaya ne a wurina: ranar da aka yanke ƙyalle aka buɗe ƙofa, mutum nawa ne cikin tsofaffin masu rumfuna suka samu komawa? In sun koma, an sabunta kasuwa. In ba su koma ba, an gina wani abu dabam a kan filinsu, ko da an bar masa tsohon suna.

Batu na farko: yadda gari da kasuwarsa suka tashi tare

Yamai yarinya ce in an jera ta da Kano ko Katsina ko Agadas. Kasuwar Kurmi ta Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Mu kuwa a nan, har farkon ƙarni na 20 ƙauyuka ne a bakin kogin Isa: Mawre, Kalle, Gaweye, Gamkalle, Yantala da sauransu, masunta da manoma da makiyaya, sai Zango inda fatake ke sauka. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kawo nan. Lokacin da muka samu 'yancin kai a 1960, mutanen garin nan ba su wuce wajen 30,000 ba.

Tun kafin 'yancin kai garin yana da kasuwanni biyu da kowa ya sani. Ta ƙasa, kusa da kogi, ita ce Habu Ganda, Ƙaramar Kasuwa, wurin kayan miya da kifi da nama da 'ya'yan itace. Ta tudu ita ce Habu Bene, wurin atamfa da shadda da kayan koli da hatsi da kwanoni. Su wa suka cika su? Zabarmawan da suka je Kumasi da Akara suka koyo ciniki suka dawo da jari. Adarawa daga yankin Tawa. Alhazan Maraɗi da na Damagaram da yaransu. Buzaye da aikin fata da azurfa, Fulani da nono da man shanu, Yarbawa, matan Togo da na Benin, Larabawan Labanan. Duk wanda ya zo garin nan ba shi da kowa, kasuwa ce ta fara karɓarsa: ya yi dako, ya yi tura, ya zama yaron shago, wata rana maigidansa ya sallame shi da jari.

A 1970 aka buɗe Gadar Kennedy, hayin kogi ya haɗu da gari. Farin 1973 da 1974 ya turo mutanen karkara birni. Kuɗin uraniyom na ƙarshen shekarun 1970 ya kawo albashi da gine-gine da masu saye. Kasuwa ta yi ta kumbura da rumfunan katako da kwano da zana, kowa yana ƙara taku ɗaya a kan hanya.

Akwai abu ɗaya da nake so ɗalibai su riƙe a nan. Ɗan kasuwar Abijan ko Legas, jirgin ruwa a ƙofar gidansa yake sauke kaya. Namu kuwa, tsakaninsa da tashar jiragen ruwa ta Kwatano akwai wajen kilomita 1,000, ta Paraku da Malanbil da Gaya da Doso. Tun daga 2023, kaya da yawa ta Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiya. Kafin turmin atamfa ya hau kanta a Yamai, ya riga ya biya kuɗin jirgi, da na tasha, da na babbar mota, da na duwan, da na kwanakin da ya yi a hanya. Ribar da ta rage siririya ce. Duk wanda zai yanke kuɗin hayar shago a garin nan, in bai san wannan lissafi ba, zai yanke abin da zai kori masu shagon.

Batu na biyu: gobarar 1982 da ginin 1987

Dattawan da ke nan sun fi ni sanin wannan, kuma ina neman su gyara mini in na kauce. A watan Maris na 1982, cikin zafin bazara, wuta ta tashi ta cinye Babbar Kasuwa. Mutane sun kwana da dukiya sun wayi gari da toka. Da yawa a cikin shago suke ajiye kuɗinsu, har da amanar wasu, har da littafin bashi. Wanda ake binsa bashin yana nan, wanda yake bi kuwa shaidarsa ta ƙone.

Ku tuna halin da ƙasa take ciki. Farashin uraniyom ya riga ya faɗi. A 1984 fari ya sake dawowa, a shekarar kuma Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa 1986. Baitulmali ba shi da ƙiba. Duk da haka gwamnatin Seyni Kountché ta yanke shawarar sake gina kasuwar, kuma a ganina ta yi abu uku daidai.

Na ɗaya, ta mayar da kasuwar inda take, a tsakiyar gari. Fili ne da kowane mai kuɗi zai yi sha'awa, ana iya cewa a yi ofisoshi ko otal a kai, a tura 'yan kasuwa bayan gari. Ba a yi haka ba. Na biyu, an yi gini na siminti mai ƙwari, da katanga da ƙofofi, da jerin shaguna da manyan rumfuna masu inuwa, bisa zanen wani ofishin masu tsara gini na Faransa da ake kira KPDV. Masu zanen ba su kwaikwayo kantin Turai ba, sun bar ta kasuwa, wurin da ake tafiya a ƙasa, a taɓa kaya, a yi tayi. Na uku, an kafa kamfani na musamman, SOCOGEM, don ya riƙa karɓar haya yana kula da wurin. A farkon 1987 aka buɗe sabuwar kasuwa, a watan Nuwamba na shekarar kuma Allah ya yi wa Kountché rasuwa.

Cikin shekarun jira an kai 'yan kasuwa wuraren wucin gadi a gefen gari na wancan lokaci, daga nan ne kasuwar Wadata ta samu gindin zama. Da aka buɗe sabon gini Wadata ba ta mutu ba, don gari ya riga ya biyo ta. Ga darasi ga masu tsara birni: babu kasuwar wucin gadi a Yamai. Duk inda ka ajiye 'yan kasuwa shekara uku, ka kafa kasuwa har abada, gara tun farko ka ja mata ruwa da lantarki da magudana.

To, ina aka gaza? An ɗinka wa gari riga daidai jikinsa na ranar, alhali yaro ne mai tasowa. Ƙidayar 1988 ta samu mutanen Yamai kusan 400,000. Ta 2012 ta samu sama da miliyan 1. Kasuwar kuwa girmanta bai ƙaru da taku ɗaya ba. Sai hanyoyin ciki suka cika da tebura, wajen katanga ya cika da 'yan baro da 'yan shimfiɗa, titunan da ke kewaye suka zama kasuwa ta biyu. Sai haya kan haya ta shigo: wanda sunansa ke takarda dabam, wanda ke zaune a shagon dabam, kuma abin da na biyun ke biya ya ninka na hukuma. A 2009 wuta ta sake tashi, ta cinye babban sashe na kasuwar da aka gina don kada a sake ganin irin ta 1982.

Batu na uku: Ƙaramar Kasuwa, wadda ba ta dawo ba

A 2012 gobara ta cinye Habu Ganda. Wannan karon shawarar da aka yanke dabam ce: an share wurin, ba a mayar da masu rumfuna ba. Kasuwar da ta ciyar da tsakiyar gari tun zamanin Turawa, kusa da gidan tarihi na Boubou Hama, ta watse. Wasu sun samu gurbi a wasu kasuwanni, wasu sun koma bakin titunan da ke kewaye, inda rana ke dukan tumatirinsu, ma'aikata kuma na korarsu. Har gobe in ka tare taksi ka ce Ƙaramar Kasuwa, direba ba zai tambaye ka ina ne ba. Sunan yana nan, masu saye suna nan, inuwar ce aka ɗauke.

Su wa wannan ya fi shafa? Ku dubi iyayenmu da ke zaune a wancan ɓangare. Mai sayar da yakuwa da kuɓewa da albasar Galmi jarinta bai fi 'yan jikkuna ba. Abin da ta mallaka na gaske shi ne matan gidajen da suka san kusurwar da take zama, suke zuwa wurinta kai tsaye shekara da shekaru, take ba su bashi zuwa ƙarshen wata. In ka ɗauke ta ka kai ta wata unguwa, ko da ka ba ta tebur na siminti kyauta, ka raba ta da wannan dukiya. Wane mai ƙididdigar asara ne ya taɓa rubuta ta a takardarsa?

Lokacin ne kuma ake aikin ƙawata birni da aka sa wa suna Niamey Nyala. A 2016 hukumomin gari suka rushe dubban shaguna da rumfunan kwano da ke bakin tituna. A watan Yuli na 2019 Yamai ta karɓi taron ƙoli na Tarayyar Afirka, inda aka ƙaddamar da fara aikin yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar. An gyara filin jirgin sama na Diori Hamani, an gina manyan otal-otal da zauren taro na Mahatma Gandhi, an yi gadojin sama da tituna masu faɗi. Ni ɗan garin nan ne, ina murna da titi mai kyau, kuma na yarda cewa hanyar mota da ta masu tafiya a ƙasa haƙƙin kowa ce, bai halatta mutum ɗaya ya tare ta da shago ba. Tambayata ita ce: birnin da ya samu kuɗi da gaggawar gina masauki ga baƙin kwana uku, me ya hana shi samun irin wannan gaggawa wajen gina inuwa ga masu ciyar da shi kullum? A nan garin aka yi shelar buɗe kasuwar Afirka gaba ɗaya, alhali mai tumatir tana neman inda za ta ajiye tire.

Batu na huɗu: abin da ya faru a wurin maƙwabta

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu leƙa garuruwa kaɗan.

A Legas, kasuwar Tejuosho da ke Yaba ta ƙone a ƙarshen 2007. An shigo da 'yan kasuwa masu zuba jari da banki, aka gina katafaren bene mai hawa-hawa, da wurin ajiye motoci da na'urorin hawa, aka buɗe a 2014. Gini ya yi kyau, babu musu. Amma kuɗin shago ya fi ƙarfin mafi yawan waɗanda wuta ta kora. Shaguna da yawa suka daɗe a rufe, tsofaffin 'yan kasuwar kuwa suna waje, a bakin titi da gefen layin dogo, masu saye kuma suna can tare da su. Dalilin a fili yake. In bashin banki ne ya gina kasuwa, kuɗin ruwa da wa'adin biya su ke yanke haya, ba abin da mai gwanjo ke samu a yini ba.

A Kano, an buɗe Ado Bayero Mall a 2014, da babban kantin Shoprite a ciki. Jama'a sun yi ta tururuwa, wasu don saye, da yawa don kallo da ɗaukar hoto. A farkon 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano. Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da Kurmi kuwa suna nan suna ci. Ban kawo wannan don in yi wa kowa dariyar ƙeta ba, mutane sun rasa aiki a rufewar nan. Na kawo shi ne don mu fahimci yadda irin wannan cibiya take rayuwa. Tana bukatar lantarki dare da rana don sanyi da firji. Tana bukatar masu albashi da mota da ke sayen kayan mako guda a tashi ɗaya. Tana bukatar kuɗin ƙasa mai tsayayyen daraja, don yawancin kayanta daga waje suke. A Abijan, inda aka buɗe PlaYce Marcory da kantin Carrefour a ƙarshen 2015, akwai tashar jiragen ruwa da masu matsakaicin hali da yawa. Mu nan fa? Yawancin gidajen Yamai kullum suke cefane, da abin da maigida ya samo jiya. Ana sayen mai a ludayi, shinkafa a tiya ko rabinta, magi ƙwaya-ƙwaya. Ana tayi, ana neman gyara, ana cin bashi. Wane kanti mai na'urar lissafi ne zai ce wa uwar marayu ta ɗauka ta kawo ranar Juma'a?

Ba ina cewa kada a gina manyan kantuna a Yamai ba. Akwai su ma tuni, suna da masu sayensu, kuma mai kuɗin da ya sayi filinsa ya gina, Allah ya ba shi sa'a. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki filin kasuwar jama'a a yi irin wannan gini a kai, a ce an sabunta ta.

A Wagadugu, kasuwar Rood Woko ta ƙone a 2003, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Shekara shida! Mai ƙaramin jari ba ya iya jiran shekara shida, kafin nan ya cinye jarin ko ya tafi ci-rani. Jinkiri ma hanya ce ta korar mutane, ko da ba wanda ya yi niyya.

Batu na biyar: wuta, da alhakin da ke kanmu

Yanzu zan juyo gare ku, 'yan'uwana 'yan kasuwa, kuma ku yi mini haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku ƙirga tare da ni. Babbar kasuwar Lome, 2013. Sabon Gari ta Kano, 2016. Babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina, duka a 2021. Kasuwar Monday ta Maiduguri, 2023. Har sabuwar kasuwar Kejetia ta Kumasi, mai shaguna sama da 8,000, wadda aka gina da kuɗi masu yawa da fasahar zamani, wuta ta kama wani sashenta a 2023, shekaru kaɗan da buɗe ta. Siminti da ƙarfe kaɗai ba su hana gobara.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma in ta faru muna cewa Allah ya mayar da alheri. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya koya mana ɗaure raƙumi. Abubuwan da ke tayar da wuta a kasuwanninmu sanannu ne. Waya ɗaya da aka ja don fitila, an rataya mata firji da fanka da dutsen guga na shago biyar. Lantarki ya ɗauke da yamma, mutum ya rufe shago bai kashe komai ba, cikin dare wuta ta dawo da ƙarfi ba kowa a wurin. Injin janareto da jarkar fetur suna kwana kusa da katifu da atamfa. Murhun mai abinci yana jingine da rumfar leda. In kuma ta tashi, me ke hana a kashe ta? Hanyar da aka bari don motar 'yan kwana-kwana an cike ta da tebura. Famfon gobara ko babu, ko babu ruwa a ciki, ko an gina shago a kansa. Ƙofofi a kulle, mai mabuɗi yana wata unguwa.

Wa ya sayar da hanyar motar kashe wuta? Wani ya biya, wani ya karɓa, mu duka kuma mun gani mun yi shiru don mai teburin ɗan'uwan wani ne. Kakanninmu ba haka suka bar kasuwa ba. Akwai sarkin kasuwa, akwai sarkin pawa, kowane layi da dattijonsa, a ƙasashen Musulmi kuma akwai muhtasibi mai duba mudu da sikeli da tare hanya. In muna son hukuma ta saurare mu ranar rabon shaguna, sai ta ga muna iya tsawata wa namu tun kafin ranar.

Batu na shida: abin da nake roƙo a rubuta tun wuta ba ta tashi ba

Ginin 1987 yana dab da cika shekara 40. Ko ba jima ko ba daɗe za a zo da zancen gyara shi, ko rushe shi, ko ɗora masa bene. Haka Katako da Wadata da sauran kasuwannin unguwa. Mafi munin lokacin yanke shawara a kan kasuwa shi ne washegarin gobara, lokacin da 'yan kasuwa ke kuka, ba su da ƙarfin ciniki da kowa, masu sha'awar fili kuma sun riga sun iso da zane a hannu. Don haka ga sharuɗɗa biyar da nake ganin ya kamata ma'aikatar magajin gari da masu kula da kasuwanni da ƙungiyoyinku su zauna su sa wa hannu yanzu.

Na ɗaya, rajista. A rubuta duk wanda ke ciniki a kasuwa yau, da hotonsa da lambar wurinsa, mai shago da ɗan haya da mai tebur da mai shimfiɗa. A liƙa jerin a fili kowa ya gani, a ajiye kwafi a wajen kasuwa da cikin kwamfuta. In babu wannan, ranar rabo za ku ga sunayen mutanen da ba su taɓa sayar da allura ba.

Na biyu, haƙƙin komawa. Duk wanda ke cikin rajista shi ne farko a sabon gini, a kan hayar da aka yi yarjejeniya kafin a kafa tubali, kuma wanda ke zaune a shagon yana ciniki shi za a ba, don a kashe haya kan haya.

Na uku, a yi aiki sashe-sashe. A gyara layi ɗaya, mutanensa su koma, sannan a taɓa na gaba, da wa'adi rubutacce. Kada a sake kwashe kasuwa ɗungurungum a ce a jira.

Na huɗu, a yi gini irin na ƙasarmu. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, inuwa da iska sun fi gilashi daraja. Ba sai mun je nesa neman misali ba. 'Yar ƙasar nan, mai zanen gini Mariam Issoufou, ta tsara kasuwar Dandaji a jihar Tawa, wadda aka gama a 2018: rumfuna na tubalin ƙasa da aka matse, da laimomin ƙarfe masu launi, wani sama da wani don iska ta ratsa, an kuma bar tsohuwar bishiyar da kasuwar ke ci a gindinta. Ƙaramar kasuwa ce ta karkara, amma tunanin da ke cikinta zai yi aiki a birni. Mai kayan miya a ƙasa take son zama, kusa da ƙofa, inda ƙafa ke wucewa. A ba ta ruwa, da magudana, da makewayi mai tsabta, da ɗakin sanyi na haɗin gwiwa mai aiki da hasken rana don kada tumatir da kifi su lalace, da wurin da za ta kwantar da goyonta.

Na biyar, kuɗin haya ya riƙa komawa kasuwa, a kuma riƙa karanta lissafinsa a gaban 'yan kasuwa kowace shekara: nawa aka tara, nawa aka kashe a wayoyin lantarki, nawa a tankin ruwa, nawa a masu gadi. A haɗa da asusun taimakon juna don ranar masifa. Mutanen da suka iya riƙe adashe shekara da shekaru ba tare da takarda ba, ba za su kasa riƙe wannan ba, kuma malamanmu na iya nuna mana tsarin inshorar da ta dace da shari'a. Kuɗi kuma a daina kwana da su a shago.

Ga ɗalibai masu karatun tarihi da labarin ƙasa da tsara birane, ina da roƙo na musamman. Waɗanda suka ga gobarar 1982 da idonsu, suka yi zaman jira, suka karɓi mabuɗi a 1987, suna raguwa kowace shekara. Ku je ku zauna da su, ku ɗauki muryarsu, ku tambaye su yadda aka yi rabo, wa ya samu, wa ya rasa, ina waɗanda suka rasa suka nufa. Ku yi haka da matan Habu Ganda. Ranar da za a zauna teburin shawara, wannan shaida za ta fi kowane zane nauyi.

Jama'a, a 1987 garin nan ya nuna cewa ƙasa matalauciya, cikin fari da karyewar farashi, tana iya mayar da 'yan kasuwarta tsakiyar birninta. A 2012 ya nuna cewa ana iya rasa kasuwa ɗungum cikin dare ɗaya. Wanne daga cikin biyun za a maimaita, ya danganta da abin da muka rubuta muka sa wa hannu tun muna cikin kwanciyar hankali. Ina roƙon shugabannin 'yan kasuwa da ke nan su fara da rajista, don ita ba ta jiran kuɗin kowa, a wannan watan ma ana iya soma ta.

 Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Allah ya tsare kasuwanninmu daga wuta, ya sa albarka a cinikinku, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Yanzu fili naku ne. Ina jiran tambayoyinku da gyararrakinku, kuma in shugaban taro ya yarda, ina so a fara ba iyayenmu mata da dattawan da suka ga 1982 dama.